Jijiya da Faɗuwar Gaba: Giɓin Kalmomi a Maganin Hawan Jini

Bahaushe yana kiran magudanar jini jijiya, yana kiran igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya, haka kuma zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. A tagar karɓar magani ta babban asibitin Ƙauran Namoda ko na Shinkafi, wannan yalwar ma'ana cikas ce, domin magungunan hawan jini suna taɓa biyu daga cikin ukun, kuma kowane da hanyarsa.

Zuciyar baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa, ba da umarninsa ba. Jijiyoyin saƙo iri biyu ke riƙe da linzaminta: masu zaburarwa, waɗanda ke tashi lokacin tsoro, da masu lafarwa. Atenolol da propranolol suna tare saƙon zaburarwa, sai bugun ya ragu. Nifedipine kuwa jijiyoyin jini yake buɗawa. Idan matsin jinin ya sauka da sauri, jiki kan mayar da martani ta hanyar ƙara bugun. Dukansu "maganin hawan jini" ne a bakin jama'a.

To, mai shan nifedipine a Zurmi da ya ji ƙirjinsa na dukan uku-uku, me zai ce? Faɗuwar gaba. A ƙasar da ta sha fama da 'yan bindiga, wa zai zargi ƙwayar magani alhali ga dalilin fargaba a bayan gari? Mafi haɗari shi ne yanke atenolol farat ɗaya, domin zuciyar da aka daɗe ana ja wa linzami takan zabura fiye da da. Yankewar kuma ba kullum ganganci ba ce: a Satumbar 2021 an rufe kasuwannin mako-mako da layukan waya a Zamfara, kuma tare hanya kaɗai ya isa ya raba majiyyaci da maganinsa.

Ra'ayina shi ne aikin na masana Hausa ne kafin ya zama na likitoci. Mun ƙirƙiro wa nahawu da adabi kalmomi birjik, mun bar jikin ɗan Adam a hannun tafintan asibiti. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'in Gusau da Sakkwato su zauna da ma'aikatan jinya na waɗannan garuruwa, su tsayar da "jijiyar jini" da "jijiyar saƙo", su kuma ware "saurin bugun zuciya" daga faɗuwar gaba, sannan a gwada kalmomin a kunnen masu karin harshen Zamfarci kafin a buga su a takardar magani.