Mu Shimfiɗa Dara a Unguwanninmu



Shawarar da muka kawo yau wasu za su ce wasa ce, kuma gaskiyarsu, wasan ce. Muna so matasanmu na Anka da Gummi da Bukkuyum su riƙa shirya ƙaramar gasar dara sau ɗaya a wata, kowace unguwa da tata, ba kuɗin shiga, ba caca, kuma ƙofa a buɗe ga kowa.

Mun san tambayar da za ta biyo baya: ana cikin wannan hali, wa ke ta dara? Ai halin ne ya sa muke magana. A shekarar 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Yargalma. Yaran da suka tsira su ne samari da 'yan matan yau. Sun taso sun tarar da 'yan bindiga, sun ga an rufe makarantu, sun ga kisan da aka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairun 2022. Da yawansu sun koyi cewa baƙo abin tsoro ne, kuma rigima sai da ƙarfi take ƙarewa. Dara ba za ta warkar da gubar dalma ba, ba za ta kori ɗan bindiga ba. Amma a gaban dara saurayi yakan zauna fuska da fuska da abokin hamayya, su kara da iyakar dabararsu, ɗaya ya sha kaye, su yi musabaha, kowa ya koma gida lafiya. Wuraren da ake koyon wannan sun yi mana ƙaranci.

Wasan ba baƙo ba ne a wurinmu. Darar gurbi 30, wadda kowane ɗan wasa ke da 'ya'ya 12, ya jera uku ya cinye ɗaya na abokinsa, maƙwabtanmu Dakarkari na ƙasar Zuru sun yi suna da ita, dattawanmu ma sun iya. Ƙasa kawai ake tonawa, a samo tsakuwa da tsinke. Daga nan taki ɗaya ne zuwa darar da duniya ke kira chess, mai gida 64 da 'ya'ya 16 a kowane ɓangare. Muna ce mata darar Turawa, amma daga Indiya ta faro, ta bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa kafin ta isa Turai. Kwali da marafan kwalba sun isa a fara. Ku tuna watan Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, duk abin da muke rage lokaci da shi a waya ya mutu. Dara ba ta neman sabis, ba ta neman caji.

Kada mu jira sai mai kuɗi ya ɗauki nauyi. Tunde Onakoya ya fara koya wa yaran unguwannin talakawan Legas chess a 2018, kafin duniya ta san shi a 2024 da ya yi awa 60 yana wasa a birnin New York. Phiona Mutesi ta unguwar Katwe a Kampala, abinci ne ya fara kai ta inda ake koyar da wasan, daga baya ta wakilci Uganda a gasar duniya. Ba mu ce kowa zai kai nan ba, sai dai da ƙanƙanin abu suka fara.

Ga yadda za a yi. A tara mutum shida, kowa ya kara da kowa: wasa 15 ke nan, a zagaye biyar. In kowa na da minti goma, awa biyu da 'yan kai sun isa. Wanda ya ci maki ɗaya, canjaras rabin maki. A zaɓi alƙali ɗaya wanda ba ya cikin wasan, maganarsa ita ce ta ƙarshe. 'Yan kallo su kama bakinsu. Wanda ya taɓa ɗa, dole ya motsa shi. Wannan doka ita kaɗai makaranta ce, domin tana tilasta wa mutum ya yi tunani kafin ya miƙa hannu.

Iyayenmu da ke kallon dara a matsayin zaman kashe wando ko ƙofar caca suna da hujja, sun ga gidajen da caca ta rusa. Saboda haka ko naira ɗaya kada a ɗora a kan wasa. Kyautar zakara ta zama littafin rubutu ko sabulu, ko kuwa tafi kawai. A sanar da mai unguwa tun da wuri. A yi da rana, a tashi kafin magariba. Kada kowa ya hau hanya daga wani gari zuwa wani saboda gasa, rai ya fi kofi. 'Yan mata su samu tasu gasar, da izinin iyaye da kulawar wata babba.

Abu na ƙarshe shi ya fi muhimmanci. Ku gayyaci maƙwabtanku Musulmi, da 'yan gudun hijirar da ke zaune cikinmu. A zaɓi inuwar da kowa zai sake, a kauce wa lokacin sallar Juma'a da na sujadar Lahadi. Wanda aka kira dara, dara zai tarar, kada a ɓoye wata manufa a bayanta, domin amana in ta fashe da wuya ta ɗinku. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wanda kuka saba zama tabarma ɗaya kowane wata, da wuya jita-jita ta mai da shi maƙiyinka dare ɗaya.

Kafin watan nan ya ƙare, ku nemi mutum shida da inuwa ɗaya, ku roƙi wani dattijo ya nuna muku yadda ake tona gurbi.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.