Kada a yanke maganin mafitsara don fitsari ya daina zuba

Ya ku masu jinya da iyalansu, idan jijiyoyin da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da mafitsara suka samu rauni, mafitsara kan riƙa matsewa ba da izinin mai ita ba. Hakan yakan biyo bayan haɗarin da ya taɓa laka, ko shanyewar ɓarin jiki. Sai mutum ya kasa riƙe alwala, kunya ta hana shi masallaci da kasuwa. Wannan lalura daban take da yoyon fitsarin haihuwa da ake ɗinkewa a asibitin Jahun. Ita da magani ake lallaɓa ta, wani lokaci har tsawon rayuwa.

Magunguna irin su oxybutynin, tolterodine da solifenacin suna sassauta matsewar mafitsara, amma ba sa gyara jijiyar da ta lalace. Shi ya sa nake roƙonku: kada ku ajiye magani don shimfiɗa ta bushe. Mafitsarar da ke matsewa da ƙarfi tana iya mayar da fitsari sama zuwa ƙoda, ta yi ta cin ta a ɓoye, ba tare da wani ciwo ba. Ƙodar ake karewa.

Na san maganin yana da nasa nauyi. Yana busar da baki, yana ɗaure ciki, yana dusashe gani, yakan rikita tunanin tsofaffi. Yana kuma rage gumi, abin tsoro a zafin Afrilu na Jigawa, don haka a nemi inuwa, kada a ƙaurace wa ruwa saboda gudun fitsari. Ga kuma kuɗinsa wata bayan wata. Duk da haka, sauya magani ya fi yanke shi. Akwai na sha sau ɗaya a rana, wanda ya fi sauƙi ga mai azumi. Akwai mirabegron da bai cika busar da baki ba, sai dai yana iya ɗaga hawan jini.

Kada ku saya a kemis don ya yi wa maƙwabci amfani. Dole likita ya duba ko fitsari na saura a mafitsara, domin wasu sai an haɗa musu da robar zuƙe fitsari. Ku je asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, a riƙa gwada ƙoda a kai a kai. In fitsari ya ɗauke, ko zazzaɓi ya zo da ciwon kwiɓi, kada a kwana a gida.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku faɗa wa likita komai. Allah Ya ba da lafiya.