Aikin zuciya: kashe zafi tun daga jijiya

Kafin likita ya kai ga zuciya, sai ya tsaga ƙashin ƙirji gida biyu; in ya gama, ya ɗaure shi da waya. Majinyaci kan farka cikin zafi mai tsanani, har ya ji tsoron tari da dogon numfashi. To, nan haɗarin yake: in bai yi tari ba, majina ta taru cikin huhu, ciwon huhu ya biyo baya.

A shekara ta 1969 likitocin Boston, a Amurka, suka nuna amfanin morfin mai yawa wajen aikin zuciya. Daga nan morfin da danginsa, kamar fentanil, suka zama abin dogaro. Amma suna rage ƙarfin numfashi, suna jawo amai da taurin ciki, suna jinkirta cire bututun numfashi, wasu mutane kuma su saba da su.

Shi ya sa aka koma ga wata dabara: a yi allurar maganin kashe wuri, irin bupibakayin, kusa da jijiyoyin da ke kai labarin zafi zuwa ƙwaƙwalwa. An daɗe da sanin allurar da ake yi kusa da laka, sai dai a aikin zuciya ana ba majinyaci heparin don kada jini ya daskare, jinin kuwa yana iya taruwa ya danne lakar. A shekara ta 2016 likitoci a Kanada suka bayyana wata allura ƙarƙashin naman gadon baya, nesa da laka. Akwai kuma wadda ake yi a gefen ƙashin ƙirji. Da na'urar eko likita yake kallon allurar har ta isa wurinta.

Dabarar tana rage bukatar morfin, ba ta kawar da ita ɗungum ba. Ƙarfin allura ɗaya na awoyi ne kawai, in kuwa maganin ya wuce awo ko ya shiga jijiyar jini, yana iya tsayar da zuciyar kanta.

Maganin ba shi da tsada, hannun da ya ƙware ne mai wuyar samu. A ƙasashenmu, inda morfin ke ƙaranci a asibitoci da dama, ya kamata hukumomi su lura: duk sa'ad da za a tura mai fiɗa koyon aikin zuciya, a tura mai sa barci tare da shi.