Idan an naɗe rumfa, wa muka gode wa?



Watannin Yuni, Yuli da Agusta su ne watannin da aikin lafiya ya fi yawa a unguwanninmu. A Turai da Amurka lokacin zafi ne da dogon hutu, shi ya sa 'yan'uwanmu 'yan borga na Jamus, Ingila da Amurka ke sauka gida da iyalansu, wasu da akwatunan magani da na'urorin awo. A wurinmu nan Ankara kuwa damina ce: kwata ta cika, sauro ya yi yawa, zazzaɓi yana kwantar da yara. Ranar 14 ga Yuni ce ranar masu ba da jini ta duniya, 28 ga Yuli kuma ta yaƙi da ciwon hanta. Shi ya sa daga Nima da Mamobi har Sabon Zango da Fadama za ka riƙa ganin rumfuna a ƙofar masallaci ko filin makaranta, ana awo kyauta.

To, idan la'asar ta yi aka zo rufe taro, yaya muke godiya? Mun san yadda ake yi, don mu ne masu yi. Mai makirfo ya kira sunan alhajin da ya ba da kuɗi mai kauri, a yi masa kirari, a miƙa masa allon yabo, a ɗauki hoto. Yarinyar da ta zauna tun hantsi tana rubuta sunaye, da nas ɗin da ta ba da ranar hutunta, da samarin da suka yi jigilar kujeru, sai a dunƙule su a ce "da duk waɗanda suka taimaka". Tsohuwar da ta zo awo kuwa, ko a wannan dunƙulen ba ta samu shiga ba. A ganinmu irin wannan godiya ta gaza, kuma ko shi mai bayarwar ba ta biya masa bukata ba.

Mu fara da shi. Ɗan'uwan da ya kwana yana aiki a gidan kula da tsofaffi a Amurka, ko ya wuni yana tuƙa tasi a Landan, ya tsakuro daga guminsa ya aiko, abin da ya fi so ya ji shi ne inda kuɗinsa suka shiga. Takarda ɗaya ta isa: nawa suka shigo, nawa aka kashe kuma a kan me, mutum nawa aka auna, nawa aka tura asibiti, me ya rage. A karanta ta a taro, a liƙa a allon sanarwa, a aika masa ta WhatsApp kafin sati biyu su cika. Wanda ya ga lissafi bana, ba sai an roƙe shi baɗi ba. Kuma kada jerin masu bayarwa ya tsaya a kan manya. Hajiya mai wake da shinkafa da ta ciyar da ma'aikata, da mai rumfa da ya rage kuɗin haya, da matashin da ya turo sidi 20 ta MoMo, duk masu bayarwa ne. Wanda ya ce kada a ambaci sunansa, a bar shi da niyyarsa, amma a kai masa lissafin.

Faɗin gaskiya ma godiya ce. Sau da yawa kunya kan hana mu gaya wa ɗan'uwa cewa abin da ya kawo bai yi mana aiki ba. Na'urar awon sukari ba ta aiki sai da tsinken gwaji irin nata. Idan ba a sayar da shi a nan, ranar da na cikin kwalin ya ƙare ta zama kayan ado. Wadda aka sayo a Amurka kuma lambobinta daban suke da na asibitocinmu, sai an raba da 18 kafin su dace. Na'urar da aka ƙera don wutar Amurka mai ƙarfin 110 tana iya ƙonewa a tamu mai 230. Magani da ya kusa lalacewa kuwa nauyi ne aka ɗora mana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu aika musu da jerin abin da muke bukata tun kafin su ɗaure kaya, mu kuma nemi shawarar ma'aikatan asibitin unguwa.

Akwai mai bayarwar da ba ya kawo akwati, wato mai ba da jini. A Gana, mai lafiya ɗan shekara 17 zuwa 60, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa duk bayan wata huɗu. Jinin da aka adana ba ya wuce kimanin sati biyar, kuma da yake ɗaliban sakandare na cikin waɗanda suka fi bayarwa, idan makarantu suka tafi hutu ma'ajiyar jini kan yi ƙasa. Ashe wanda ya bayar sau ɗaya muna bukatar ya dawo. Mu kira shi washegari mu tambayi jikinsa, mu tuna masa idan wata huɗu sun cika.

Sai 'yan sa-kai. Ba mu manta da kwalarar 2014 ba, wadda ta kama fiye da mutum 28,000 a ƙasar nan, ta fi tsanani a Ankara. Ba mu manta da ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 a Sakul ba, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Tun daga lokacin kowa ya san abin da kwata mai toshewa ke jawowa. Su wa ke shiga cikinta da shebur kafin ruwa ya sauko? Yaranmu ne. Yaron da muka tura cikin kwata ba safar hannu ba takalmin roba, ba mu gode masa ba ko da mun yi masa tafi. A ba shi kayan kariya, a tabbatar ya yi allurar tetanus. Masu taɓa allura da jini a rumfar awo a taimaka musu su yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, musamman waɗanda aka haifa kafin 2002, shekarar da aka sa shi cikin alluran jarirai a Gana. A ba su abinci a kan lokaci, ba ragowar na manyan baƙi ba. A biya musu kuɗin trotro. A kira kowa da sunansa a gaban iyayensa. A rubuta wa kowane ɗaya takardar shaida mai sa hannun shugaban ƙungiya da sarki, wadda zai haɗa da takardunsa ranar neman aiki ko neman shiga makarantar nas. Sannan idan za a shirya na gaba, a zaunar da su a ji ta bakinsu, don su suka ga inda layi ya cushe.

Na uku su ne waɗanda suka zo awo. Wani zai ce, mutumin da aka yi wa kyauta, shi za a gode wa? E, shi ɗin. Ya bar sana'arsa, ya miƙa mana hannunsa da sirrin jikinsa. Da bai zo ba, da rumfar da na'urorin duk hoto ne. Godiyarsa ita ce a rufa masa asiri. Kada a faɗi sakamakonsa da ƙarfi a gaban layi. Kada a sa hoton tsohuwa tana karɓar magani a Facebook ba da yardarta ba. Littafin sunaye da sakamako ya zauna a hannun mutum ɗaya amintacce. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 ma ta ɗora mana wannan nauyi. A zango, inda kowa ya san kowa, kalma ɗaya kan ciwon hanta tana iya rusa baiko, kuma wanda aka tona wa asiri ba shi kaɗai zai ƙaurace ba, har da danginsa.

Sannan a bi sawunsa. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, awo ɗaya bai isa a yanke cewa yana da hawan jini ba, sai an sake. Idan muka ba shi lamba a guntuwar takarda muka naɗe rumfa, tsoro kawai muka bar masa. A kira shi bayan sati, a ji ko ya je asibiti. Idan katin inshorar lafiyarsa ya mutu, wani matashi ya taya shi sabuntawa ta waya da *929#.

Mun san abin da wasu dattawanmu za su ce: aikin Allah ne, lada yana wurinsa. Gaskiya ne, kuma ba mu isa mu biya kowa ba. Amma ladansu bai ɗauke mana namu nauyin ba. Yaba kyauta tukuici. Wasu kuma za su ce asusu babu kuɗi. Lissafi, kiran waya, takardar shaida da riƙe sirri ba su kai kuɗin allon yabo ɗaya ba.

Don haka muna roƙon kowane kwamiti da ya yi aikin lafiya a wannan damina, kafin Agusta ta ƙare 'yan borga su koma, ya fitar da lissafinsa, ya rubuta takardun 'yan sa-kai, ya kuma kira duk wanda aka tura asibiti. Iyayenmu sarakuna da magajiyoyi, idan aka zo gayyatarku taron baɗi, ku tambaya ko an yi waɗannan ukun.