Talakan Fim: Ko Abin Dariya, Ko Abin Tausayi

Jama'a, ni dai na gaji da irin talakan da ake nuna mana a finafinan Hausa. Ko dai baƙauye ne mai karkatacciyar hula, an kawo shi birni don a yi masa dariya, ko kuwa 'yar aiki ce mai sharɓar kuka a kicin, tana jiran ɗan Alhaji ya ƙyalla ido ya gan ta. Ƙarshen labarin kowa ya san shi: a ɗaura aure, ko a gano ashe ita ma 'yar masu kuɗi ce da ta ɓata tun tana jaririya. Wato talauci ba shi da magani sai ta ƙofar gidan mai kuɗi.

Na taɓa tayar da zancen nan a shirina na rediyo, wani mai sauraro ya bugo waya ya ce: "Malam, ai kallon daular ne ke sanyaya mana rai." Ban raina maganarsa ba. Amma ƙamshin miyar maƙwabci bai taɓa ƙosar da kowa ba.

A 1963 Usman Sembene na ƙasar Senegal ya yi fim mai suna Borom Sarret, na kusan minti 20 kacal. Labarin wani mai amalanken doki ne a Dakar. Wani ɗan gayu ya lallaɓe shi ya kai shi Filato, unguwar manya, inda aka hana amalanke shiga. Ɗan sanda ya tare shi, aka ƙwace amalanken, ɗan gayun ya shige mota bai biya ko sisi ba. Mutumin ya koma gida hannu wofi, matarsa ta miƙa masa goyo ta fita neman abin da za su ci. Babu biki, amma mai kallo zai tashi yana tambaya: wa ya shata wannan iyaka, kuma don amfanin wa?

Tambayar nan ce masu shirya finafinanmu suke gudu. Sun fi so su ce "ƙaddara ce" su rufe littafi. Ƙaddara gaskiya ce, amma Alhajin da ya riƙe albashin mai gadinsa wata uku, sunan abin da ya yi zalunci.

Za su ce kasuwa suke bi. To, su wa ke kallon? Mai ga-ruwa, ɗan kabu-kabu, mai tallan ƙosai. Da kuɗin talaka ake yi wa talaka dariya. Ku ji tsoron Allah, ku nuna shi a mutum mai hankali da mutunci, ku kuma nuna mana wanda ya taka shi.