Sha-kauci: ku dubi baki, ba riga ba

Yaranmu kan ga wani ɗan tsuntsu mai shan ruwan fure a waya, su ce shi ne mai zuwa tsakar gida. Ina! Wancan sai nahiyar Amurka. Namu sha-kauci ne, kuma iri biyu na saba gani a gidajen Omdurman da Khartum.

Na farko bakinsa gajere ne. Namijin kansa kore ne mai ƙyalli, cikinsa rawaya, da siririn layi shunayya a ƙirji. Na biyu bakinsa ya fi tsawo, ya ɗan lanƙwasa kamar lauje. Jikinsa kore, ƙirjinsa ja, da rawaya gefe da gefe.

Kada jela ta ruɗe ku, mazan duka biyun suna da doguwa. Haka launi: in lokacin sheƙa ya wuce, namiji kan tuɓe adonsa ya koma kamar tamata. Baki ne ba ya sake riga.

Mai son su zo, ya dama sukari cokali 1 a ruwa cokali 4, ya ajiye a inuwa, ya sake kullum. Zafin Khartum ba ya barin abu ya kwana.

'Yan uwan da yaƙin 2023 ya maido Kano ko Maraɗi, mai jan ƙirjin yana nan. Mai gajeren bakin kuwa ɗan uwansa ne, ba shi da layin. Ku nuna wa yara, ku gaya musu sunansa da Hausa.