Makanikan Babur na Birnin Kudu da Gwaram, Ku Tashi Ku Koyi Aikin Injekta!

Ya ku iyayen gidanmu masu gareji, da ku samari masu koyon gyara daga Birnin Kudu zuwa Sara, Basirka da Gwaram, wannan kira naku ne. Babur mai injekta ya kama hanya, kuma ba zai jira kowa ba.

Indiya da Sin, inda Bajaj da TVS da Haojue da Jincheng ke fitowa, sun tsaurara dokar hayaƙi: Sin a 2019, Indiya a watan Afrilun 2020. Tun daga nan mafi yawan sababbin baburan da ake sayarwa a ƙasashen suka bar kafireta. Masu kafiretan da ake ci gaba da turo mana ba za su dawwama ba. Ga shi tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, ɗan acaɓa ba ya tambayar komai kafin ya tambayi shan mai, kuma injekta ya fi tattali.

Mun ga yadda aka yi da makanikan mota. Gwanayen Fijo da yawa sun koma zaman benci sa'ad da Honda da Toyota masu ƙwaƙwalwa suka cika tituna, aiki ya koma hannun yaran da suka iya sikana. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Aikin ba sihiri ba ne. Ƙwaƙwalwar babur tana karɓar bayani daga na'urorin da ke auna murɗa totur, zafin inji, iskar da ke shiga da hayaƙin salansa, sannan ta umarci nozul ya fesa mai daidai gwargwado. In wani abu ya lalace, fitila ta kunnu a kan mita. Sai ka jona sikana da waya ko kwamfuta, manhaja ta nuna maka lambar matsalar. Amma lambar hanya kawai take nunawa. Kai ne za ka ɗauki mitar gwajin wuta ka gwada batir, ka bi wayoyi, ka duba famfon mai. Sau da yawa laifin na man bumburutu ne mai datti da ya toshe nozul.

Sai ka ƙware a nan kafin ka taɓa sauya lissafin ƙwaƙwalwa, wato jadawalin da ke tsara yawan mai da lokacin tartsatsin fulogi. Kafin ka canza ko da lamba ɗaya, adana na asali. Wanda ya rage mai fiye da kima don ya burge mai babur, inji zai yi zafi, fistin ko bawul ya ƙone, garantin kamfani kuma ya faɗi. Kada ka koyi hannu a kan babur ɗin da wani ke ciyar da iyalinsa da shi.

Saboda haka, iyayen gida, ku yi karo-karo ku sayi sikana ɗaya da tsohuwar kwamfuta, ku tura yara biyu Kano su zauna gaban masu aikin, su dawo su koyar da saura. Samari, wayar da ke hannunku makaranta ce. Ku rage kallon barkwanci, ku nemi littafin gyara na kamfani. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu da 'yan majalisarmu, ku nemo mana horon hukumar bunƙasa harkar motoci ta NADDC da hukumar koyar da sana'o'i ta ITF, ku haɗa kan matasa da kwalejojin fasaha na Dutse da Kazaure. Raba wa jama'a babura alheri ne, amma a haɗa da horar da masu gyara su.

Kada mu bari manomin Gwaram ya ɗora babur a mota har Kano saboda fitila ɗaya ta kunnu. Kuɗin nan a garejinku ya kamata ya tsaya. Ku fara a wannan makon, Allah ya sa albarka a sana'a.